Ɗan Fari a Kan Ƙanƙara

Old Airport, Doha
12 ga Satumba

Yaya Sakina,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara da aikin asibiti. Mu nan ƙalau muke, sai zafi da har yanzu bai saki gari ba. Baban Ikhlas yana teku wajen aikin gas, sai ƙarshen wata zai sauko. Gwiwar tawa da sauƙi.

Da biro na rubuta wannan, zan ɗauki hotonta in turo miki, domin in na kira ki a waya ba kya barin mutum ya kai aya.

Yaya, me na yi miki? Lokacin da ƙungiyar hokin ƙanƙara ta can wajenku ta ɗauki yaron nan, ban yarda ya tafi Kanada ba sai don kina can. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito. Duk wanda ya tambaye ni, daga nan har Malumfashi, ce masa nake yana hannun Yaya Sakina. Sai jiya Ikhlas ta miƙo min waya, wai Mama kalli Yaya. Na gan shi a kan tarakta, wata tsohuwar Baturiya ta dafa kafaɗarsa, ga kare a gefe kamar ɗan maraƙi. Na ce wace ce wannan? Ta ce ai a gidanta yake zaune. Wata uku kenan, kuma kowa ya sani sai ni.

Riƙo na ba ki, ba ajiya ba. In ɗakin ne babu, da kin faɗa. In nauyi ya yi miki, da kin faɗa. Me yake ci a gidan? A wace tukunya ake dafawa? Wa yake tashinsa sallar asuba? Shekararsa goma sha bakwai, kuma kin san yayan Ikhlas ba ya magana, ko ƙusa aka ba shi zai haɗiye ya ce ya ƙoshi.

Ina jiran amsa, kuma kada ki fara min da cewa nan ba kamar gida ba ne. Ni ma ba a gida nake ba.

Ƙanwarki,
Rahma

*

Kanada
21 ga Satumba

Rahma,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sanyi ya fara leƙowa. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa, ya dawo da maigidanki Haladu lafiya. A shafa min kan Ikhlas, 'yar rahoton gidanku.

Na karanta takardarki sau biyu, na biyun a tsaye. Ke a taswira kika ga gidana da garin ƙungiyar sun haɗu. Tafiyar awa guda ce a mota, in hanya ta yi kyau. Kuma dokarsu ce, duk yaron da ya zo daga nesa a gidan ɗan gari yake zama. Haladu ya sani, shi ya sa hannu. Ki je ki tuhume shi, ya san halinki shi ya sa ya yi shiru.

Tsohuwar da kike raina wa, Doreen sunanta. Shekara ashirin da biyu tana saukar 'yan wasa, tun mijinta yana da rai. Kafin Ja'afar ya iso ta kira ni, ta zauna da takarda tana tambayar abin da muke ci da wanda ba ma ci. Ta sayi sababbin tukwane. Duk wata sai ta yi tafiyar awa biyu zuwa birni don nama na halal. Karen ma ta hana shi hawa sama. Ni da nake jininsa ban tabbata zan iya rabin haka ba, da wannan aikin nawa.

Garin nan bai kai mutum dubu biyu ba, Rahma, kuma ba su da komai sai hatsi da wannan ƙungiya, Kyarketai. Gona guda suke nomawa gayya don ita. Ranar wasa har mai kanti rufewa yake. Ɗanki ne mai tsaron ragarsu, hotonsa yana tagar ɗakin magani, tsofaffi a shagon shayi "Doha" suke kiransa. Ba a yashe yake ba.

Yanzu ki bar ni in yi nawa faɗan. A ƙarshen Janairu suna Ranar Iyaye. Ana shimfiɗa jan kafet a kan ƙanƙara, uwar kowane yaro ta fito, a miƙa mata makirufo, ta kira ɗanta da sunansa, ya sulalo ya karɓi rigarsa a hannunta. Gari kaf yana kallo. Tun watan jiya aka tura miki fom, iyaye ashirin da ɗaya sun amsa, saura ke. Na tambayi Ja'afar, ya ce, "Anti, bar shi kawai, khalas, shi kenan. Mama ba za ta zo ba. Ba ta taɓa kallon wasana ba." Shekara tara yana wasa a Doha. Gaskiya ya faɗa?

Yayarki,
Sakinatu

*

Doha
3 ga Oktoba

Yaya Sakina,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Baban Ikhlas ya sauko, mun yi wadda za mu yi, ya koma. Ya ce a gaya miki Janairu yana teku, ba za su ba shi hutu ba.

Game da tsohuwar, na ji. Na yi gaggawa, Allah ya saka mata da alheri.

Amma tambayarki ta ƙarshe ta ƙona min rai. Ke, Yaya Sakina, 'yar Malumfashi, ke kike tambayata don me ban tsaya ina tafi ga ɗan farina ba? Kanada ta wanke miki kai ne? Inna har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta Yaya Auwalu ba, ko ido ba ta haɗawa da shi a gaban mutane. Ya lalace? Ni sai in fito gaban gari guda, da lasifika, in ƙwala sunan ɗan fari kamar mai tallar gyaɗa? Tun da na haife shi sunan bai fita daga bakina ba, ba kuma don ban san shi ba.

Wai ban taɓa kallon wasansa ba. To wa yake tashi kowace Juma'a tun kafin rana ta fito, ya kai shi Al Aziziya, filin ƙanƙarar da ke cikin mol, babban ginin kantunan nan, lokacin ko masu shara ba su gama ba? Wa yake ɗaukar jakar nan da ta fi shi nauyi? Wa yake shanya kayan nan masu ɗoyi a baranda, har maƙwabciyata 'yar Misira ta buga min ƙofa? Wa ya zagaye Doha cikin zafin Yuli yana neman mai wasa ƙarfen ƙasan takalminsa ya yi kaifi? Matan unguwa sun yi min dariya, wai 'ya'yan mutane suna ƙwallo nawa yana wasan firji. Na shanye. Sauran uwaye su shiga su yi ta dukan gilashin da ya kewaye filin suna ihu, ni in ajiye shi a ƙofa in ba shi wuri. Abin da aka koya min kenan.

Fom kuwa na cike na mayar yau. A gurbin wadda za ta fito masa na rubuta sunan Doreen, na sa hannu. Ita take ciyar da shi, ita ta cancanci a gan ta. Ko a biki uwa ba ta zama gaba, mariƙiya ake turawa, kin fi ni sani. Na yi mata kara, kuma ina fata za ta gane girman da na ba ta.

Maganar ta ƙare.

Rahma

*

Doha
24 ga Nuwamba

Yaya Sakina,

Ina fata lafiya, don shirun ya yi yawa. Mu muna lafiya.

Mako bakwai babu amsa. In fushi kike, ki yi da ni, amma ki gaya min abin da ke damun yayan Ikhlas. Da duk Juma'a yake kira. Yanzu in na kira sai ta yi ta ringi, daga baya ya turo kalma biyu, wai yana lafiya. Da Ikhlas yana magana, ina shigowa ɗakin sai ta kife wayar. Na tambaye ta, ta ce ba komai, alhali idonta ya yi ja.

Me kuka gaya masa a kaina? Ke ce ko tsohuwar?

Rahma

*

Kanada
9 ga Disamba

Rahma,

Muna lafiya, dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Na yi shiru ne don abin da zan rubuta miki a watan jiya ba mai karantuwa ba ne.

Babu wanda ya gaya masa komai. Ke kika gaya masa, da sa hannunki. An liƙa jerin Ranar Iyaye a ɗakin da suke sa kaya. Kowane yaro ga sunan uwarsa a gefe, har wadda za ta taso daga Finland. A gefen nasa an rubuta Doreen. Ya je ofis ya ce kuskure ne, aka ɗauko masa fom ɗin ya gani. Wani abokinsa, ba da mugunta ba, ya tambaye shi ko uwarsa ta rasu ne.

A satin aka zura masa bakwai a wasa ɗaya. Koci ya zaunar da shi, yau wasa biyar yana benci. Wannan ba shi ne ya dame ni ba. Ya roƙi ɗan Doreen ya ba shi aikin gona da bazara, ya ce ba zai koma Doha hutu ba, ba wanda yake jiransa. Kina ji? Ɗanki yana neman inda zai zauna don kada ya dawo gidanki.

Doreen kuwa ba ta ga girman da kika ba ta ba. Ta zo har asibiti ta same ni, hancinta ja wur. Ta ce sau biyu ta taɓa taka kafet ɗin nan, duka biyun don marayu. Ta ce ba za ta fito wa yaron da uwarsa ke da rai da ƙafafu ba, ko da zai tsaya shi kaɗai. Na yi mata bayanin kara, na yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "To shi an taɓa yi masa wannan bayanin?"

Kin kawo min Yaya Auwalu. Ni ma 'yar fari ce, kin manta? Babata ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa zargin ba ta sona ba, don duk ɗan farin da ke layinmu haka uwarsa take masa. Ga kaka, ga gwaggo, ga maƙwabta, kowa yana ja na a jiki yana gaya min ai kunya ce. Shi wa yake da shi? A Doha kika haife shi, a bene na uku, kika kai shi makarantar da uwaye suke sumbatar 'ya'yansu a bakin get. Shekara tara yana juyawa daga raga yana ganin uwar kowa a bayan gilashi. Kin ɗauko kunyar Malumfashi, kin baro mutanen da suke fassara ta.

Ba na ce al'adar banza ce ba. Cewa na yi yaron bai iya karanta ta ba, kuma za ki rasa shi. Ki yi fushi da ni yadda kike so.

Sakinatu

*

Doha
20 ga Disamba

Yaya Sakina,

Muna lafiya. Na yi fushin, har yanzu ban gama ba.

Tunda ku duka kun yanke min hukunci, ke da Doreen da masu shagon shayi, bari in gaya miki abin da ko Baban Ikhlas bai sani ba. A mol ɗin nan, a can gefe, akwai wani ginshiƙi kusa da mai sayar da turare. In ka tsaya a bayansa kana ganin raga, na cikin raga ba ya ganinka. Nan nake tsayawa. Ban taɓa fashin wasa ɗaya ba, ko ranar da nake zazzaɓi. Mai turaren, wani ɗan Kerala, har kujera yake ajiye min. Ranar da robar nan da suke bugawa da sanda ta fasa masa haɓa, ni ce matar da ta zubar wa mutumin da kwalabe.

Ki gaya wa kocin nan ba lalacewa ya yi ba. In ransa ya ɓaci, durƙusawa yake da wuri, sai a ɗaga masa ta sama, ta hannun hagu. Tun yana ɗan shekara goma haka yake. Kuma in bai daki ƙarfen raga sau biyu da sanda ba kafin a fara, to a ranar hankalinsa ba ya wurin. Ki tambayi uwayen da suke dukan gilashi ko sun san haka game da nasu.

Wannan ke na gaya wa. Kada ki kai masa, ba aikinki ba ne.

Bizar da muka yi tare da Baban Ikhlas a watan Yuli tana nan. Na nemi hutu a wurin aiki, shugabar ta tsaya ja min rai, na ce mata ba shawara na zo nema ba. Zan sauka ranar ashirin da biyar ga Janairu. Ki sa su cire sunan Doreen daga bangon nan yau, ba gobe ba. Ki nemo min takalmin da ba ya santsi da rigar sanyi mai rufe gwiwa.

Kafet zan taka. Makirufo kuwa ban yi alkawari ba. Jiya na rufe kaina a mota a wajen ajiye motoci na gwada, harshena ya ƙi. Kada ki yi dariya, Yaya, wallahi ina iya fasa zuwa.

Rahma

*

Doha
11 ga Fabrairu

Yaya Sakina,

Na iso lafiya, gwiwa ce kawai take biyan bashin sanyinku. Ikhlas ta karɓi tsarabarta. Ki gaishe min da Doreen, ki ce mata yajin da na bar mata kaɗan ake sawa, na ga yadda ta yi da cokali.

Yanzu ki gaya min wa ya aike ki. Wa ya ce ki ɗauki bidiyo, wa kuma ya ce ki tura shi zauren dangi? Ban fita daga filin jirgi ba saƙonni suka fara shigowa. Gwaggo Ummukulthum ta aiko min da murya ta minti goma sha ɗaya. Wai na zubar da kunyar gidanmu a gaban Turawa, wai da Inna tana raye da ta rufe fuska, wai har da kuka a gaban ɗan fari. Wasu sun sa hoton dariya. Wasu sun yi shiru, kuma na san irin shirun. Da sallah zan je gida, ni zan zauna a tsakar gidan nan ana kallona, ke kina can kina shan shayi. Ban yafe miki wannan ba tukuna.

Gwaggo ba ƙarya ta yi ba, shi ya sa abin ya yi min ciwo. Da na karɓi makirufon nan ji na yi kamar an zare min mayafi a kasuwa.

A hanyar filin jirgi kin tambaye ni abin da ya tsayar da yayan Ikhlas ranar kafet ɗin, ban amsa ba don mijinki yana mota. Kin gani da idonki. Na kira, bai motsa ba. Yara ashirin da ɗaya kowa ya sulalo tun kafin uwarsa ta rufe baki, nawa yana tsaye a layi yana kallon ƙasa. Filin ya yi tsit. Na ce shi kenan, ya rama, a gaban gari guda, kuma yana da gaskiya. Sai da na sake kira, na kusa da shi ya zungure shi, sannan ya ɗago.

Washegari a kicin ɗin Doreen na tambaye shi. Na ce fushin ne? Ya ce, "Wallahi Mama ba fushi ba ne. Na ji an faɗi sunan, na kuma ji muryarki. Ban haɗa su ba ne kawai. Na ɗauka wani ake kira."

Yaya, shekara goma sha bakwai. Ni ina bayan ginshiƙi ina tsammanin ya sani.

Na gaya masa zancen mai turare. Ya tashi ya wanke kofin da yake a wanke. Maganar aikin gona bai ce ya fasa ba, ni ma ban tambaya ba. Ban san ko zai zo da bazara ba, kuma kada ki tsoma baki.

Shekaranjiya Juma'a ya kira. Ikhlas tana zaune, Baban Ikhlas yana zaune. Na ɗaga wayar, na juya musu baya, na ce, "Ja'afar."

Ya ce, "Na'am, Mama."

Ƙanwarki,
Rahma